Yadda Ake Duba Lafiyar Kayan Cikin Saba Kafin Ta Kwanta

Saba, wato kwamfutar nan da wasu ke kira uwar garke, an ƙera ta ne don ta ɓoye ciwonta. Akwatin wuta biyu gare ta, in ɗaya ya mutu ɗayan ya ɗauki kayan duka. Irin su Dell PowerEdge R740 da HPE ProLiant DL380 suna ɗaukar fanka har 6, in guda ta tsaya sauran su ƙara gudu. RAM ɗinta na gyara ƙananan kurakurai da kanta, faifanta kuma an haɗe su ta yadda mutuwar ɗaya ba ta tsayar da aiki. Illar wannan tsari ita ce saba kan yi wata 6 tana tafiya da ƙafa ɗaya, ma'aikata na shiga suna fita babu wanda ya lura, sai ranar da ƙafa ta biyu ta karye. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar saba ba ta faɗin gaskiya duka. Sai an shiga ciki.

Tsarin aikin yana da ƙa'ida guda: karatu kafin gwaji. A fara da abin da ba ya taɓa komai, wato kallo da karanta rajista, a bar gwajin da ke wahalar da na'ura sai ƙarshe. Misalan da ke ƙasa na sabar da ke kan Linux ne, irin Ubuntu ko Debian ko Rocky.

## Kafin a fara

Ka tabbatar akwai kwafin ajiya na bayanan, a wani wuri daban da sabar. Ganin fayil ɗin kwafin bai isa ba. Ɗauko fayil ɗaya ko biyu daga ciki ka buɗe su ka gani. Dalili kuwa shi ne faifan da ke gargara na iya ƙarasawa a tsakiyar gwaji, haka ma sabar da ta shekara 3 ba a kashe ta ba na iya ƙin tashi in aka sake kunna ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai ka saka kayan aiki: `ipmitool`, `smartmontools`, `nvme-cli`, `rasdaemon`, `stress-ng`, da manhajar katin RAID ɗinka, wato katin da ke haɗe faifai da yawa su zama haɗaka ɗaya. Ta katin Broadcom ko LSI ita ce `storcli`, ta Dell `perccli`, ta HPE kuma `ssacli`. Buɗe jaka mai kwanan watan yau, duk umarnin da ka bayar ka zuba sakamakonsa a ciki. Yawancin lambobin da za ka gani ba su da ma'ana su kaɗai, sai an ajiye su kusa da na watan jiya.

## Ido da kunne

Je ka tsaya gaban rak ɗin, wato kabad ɗin ƙarfen da ake jera sabobi a ciki. Fitila ruwan ɗorawa a gaba ko a baya tana nufin allon kula, wato ɓangaren da ke sa ido kan lafiyar sabar, ya ga matsala. A faifan Dell, kore tsayayye lafiya ne. Ƙiftawa ruwan ɗorawa sau 4 a daƙiƙa na nufin faifan ya mutu. In kuwa yana yin kore, ya koma ruwan ɗorawa, ya mutu, ya sake, to gargaɗi ne cewa mutuwarsa ta kusa. Zagaya baya ka duba akwatunan wuta biyun, kowanne ya nuna kore. Bi wayoyinsu da hannu har inda suka shiga. Sau da yawa za ka tarar duka biyun a soket ɗaya aka cusa su, wanda hakan ya mayar da biyun tamkar ɗaya.

Saurari fankoki. Ƙara mai ƙarfi da ba ta sauka bayan minti kaɗan da kunnawa tana nuna zafi, ko fanka ɗaya ta mutu, ko murfi bai rufu daidai ba. Duba kuma ko duk ramukan faifai da babu faifai an toshe su da marfinsu. Ramin da aka bari a buɗe yana sa iska ta bi hanya mai sauƙi ta bar faifan da ke gefe suna gasuwa.

## Rajistar allon kula

A kan babban allon kowace saba akwai wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai zaman kanta, wadda ke aiki ko da sabar a kashe take muddin waya na jone. Sunanta na gama-gari BMC, ita ce a nan muke kira allon kula. Dell na kiran tata iDRAC, HPE na kiran tata iLO, Lenovo kuma XClarity. Ita ce ke auna zafi da gudun fanka da ƙarfin wuta, tana rubuta duk abin da ya faru. Nan ne shaidar farko take.

Daga cikin sabar, ba da `ipmitool sel info`, ka ga kashi nawa na rajistar ya cika. Wurin ajiyarta ƙarami ne, kuma a wasu na'urori in ta cika sai ta daina rubutu. Rajistar da layinta na ƙarshe ya shekara 2 ba alamar zaman lafiya ba ce. Sai `ipmitool sel time get`, ka gwada agogonta da naka. In ya nuna wata shekara can baya, duk lokutan da ke cikin rajistar sun zama abin shakka, kuma mai yiwuwa batirin allo, ɗan CR2032 mai volt 3, ya ƙare.

Yanzu `ipmitool sel elist`. Karanta daga ƙasa zuwa sama, kana neman abin da ke maimaituwa. Layi ɗaya na `Power Supply AC lost` ranar da aka yi gyaran wuta ba komai ba ne. Layi 40 irinsa a kan akwati ɗaya cikin wata guda kuwa yana cewa waya ta saki, ko soket ya lalace, ko layin da akwatin ke kai yana yankewa duk lokacin da aka juya zuwa janareta. A shafin iDRAC saƙonnin na zuwa da lamba: PSU0003 yankewar wuta ce ga akwati, PDR16 hasashen mutuwar faifai, MEM0001 kuma kuskuren RAM da ya gagari gyara. A iLO, rajistar da ake kira IML ita ce madadinta.

Sai `ipmitool sdr elist`, wanda ke jero duk ma'aunai da matsayinsu. `ok` lafiya ne, `nc` gargaɗi, `cr` haɗari, `ns` kuma babu karatu. Wannan na ƙarshe yakan tsorata sabon shiga, alhali sau da yawa ramin ne kawai babu komai a ciki.

Bayan allon kula, sai rajistar Linux kanta. `journalctl -k -p err` zai nuna kurakurai tun daga kunnawar yanzu, in ka ƙara `-b -1` kuma ya nuna na kunnawar da ta gabata, wadda ita ake so in sabar ta mutu da kanta ta tashi. Kalmomin da ake farauta su ne `Hardware Error`, `Machine check`, `I/O error`, `Medium Error` da `AER`. In rajistar ta yanke tsaf babu wani kuka kafin mutuwar, fara zargin wuta. Masu Windows Server su buɗe Event Viewer su nemi WHEA-Logger, inda lamba 18 ke nufin kuskuren da ya kayar da na'ura, 17 da 19 kuma waɗanda aka gyara. Kernel-Power 41 yana cewa na'urar ta mutu ba a kashe ta bisa ƙa'ida ba, amma ba ya faɗin dalili.

## Faifai

A nan ya kamata ka kashe mafi yawan lokacinka, domin duk wani abu a cikin saba ana sayen sabo, ban da abin da ke kan faifai.

Fara da `smartctl --scan` don ka ga sunayensu. In suna bayan katin RAID, Linux na ganin faifai ɗaya ne kawai na haɗaka, sai ka gaya wa manhajar ta leƙa baya: `smartctl -a -d megaraid,0 /dev/sda` a katin Dell ko LSI, `-d cciss,0` a na HPE, kana canza lambar ga kowane faifai.

Kusa da saman sakamakon za ka ga `PASSED`. Kada ka tsaya a nan. Kalmar na nufin lambobin faifan ba su kai iyakar da kamfanin ya sa ba, kuma iyakar nan can nesa take. Faifai mai ɗaruruwan gurɓatattun gurabe na iya nuna ta. Abin karantawa yana cikin jadawalin ƙasa, a layin ƙarshe na dama mai suna `RAW_VALUE`.

Lamba 5 tana ƙirga guraben da suka lalace aka maye gurbinsu daga ajiyar faifan. Lamba 197 guraben da faifan ya kasa karantawa ne, yana jiran a sake rubutu a kansu ya ga ko za su gyaru. Lamba 198 da 187 na ƙirga karatun da ya gagara gaba ɗaya, 188 kuma umarnin da lokaci ya ƙure faifan bai amsa ba. Waɗannan biyar su ne kamfanin Backblaze, mai riƙe da dubban ɗaruruwan faifai, yake sa wa ido. A lafiyayyen faifai dukkansu sifiri ne.

Yadda ake yanke hukunci: in 5 ta nuna 8, ta kuma tsaya a 8 wata da watanni, faifan abin sa ido ne. In 8 ce a watan jiya, yau 24, canza shi cikin makon nan. Lamba 197 ta fi gaggawa, domin bayanin da ke wannan gurbin a yanzu haka ba ya karantuwa. Ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu na iya haifar da guda ɗaya ko biyu waɗanda ke gogewa in an sake rubutu. Amma in suna dawowa, farantin ne ke lalacewa.

Wasu lambobi na yaudarar mutane. Ta 199 ba ta faifan ba ce, ta hanyar da ke tsakaninsa da kati ce: kebul, ko allon bayan da ake cusa faifan. Mutane da yawa sun zubar da lafiyayyen faifai saboda ita, suka saka sabo, lambar ta ci gaba da hawa. Kuma ba ta komawa sifiri ko an gyara, sai dai ta daina ƙaruwa. Sai kuma lamba 1 da 7 a faifan Seagate, da kan nuna miliyoyi. Haka kamfanin ke rubuta su, ba ciwo ba ne.

Faifan SAS, wani nau'in faifai da ake yawan samu a saba, ba shi da wannan jadawali. A nasa nemi layin `Elements in grown defect list`, wanda shi ne kwatankwacin lamba 5, da jadawalin kurakurai inda layin waɗanda ba a iya gyarawa ba ya kamata ya zama sifiri.

Sai a sa faifan ya gwada kansa. `smartctl -t short` na ɗaukar kamar minti 2. `smartctl -t long` yana karanta farantin daga farko zuwa ƙarshe, kuma a faifan 8TB yakan wuce awa 12, ya fi haka in sabar na cikin aiki. Ba ya goge komai, amma yana rage gudu, saboda haka a fara shi da dare, kuma kada a sa duk faifan haɗaka ɗaya su yi a lokaci guda. Sakamakon na fitowa da `smartctl -l selftest`. In ka ga `Completed: read failure`, magana ta ƙare, ko da `PASSED` na nan a sama.

Na NVMe kuwa, wato wani nau'in SSD, `nvme smart-log /dev/nvme0`. `critical_warning` ya zama 0, `media_errors` ma 0. `percentage_used` yana faɗin kashi nawa na rayuwar rubutunsa aka cinye. Yana iya wuce 100 faifan na aiki, amma daga 80 ya kamata a sa kuɗin sabo a kasafi. `available_spare` in ya fara gangarowa zuwa iyakar da ke ƙarƙashinsa, lokaci ya yi. Akwai kuma `unsafe_shutdowns`, wanda ke tona asirin wutar ɗakin: in ya kai ɗaruruwa, matsalar tana wajen UPS, wato na'urar batir da ke riƙe saba in an ɗauke wuta.

Duba awannin aiki da lambar manhajar cikin faifan ma. A Nuwamba 2019 HPE ta yi gargaɗin cewa wasu faifanta na SSD irin SAS za su mutu murus da zarar sun cika awa 32,768 suna aiki, wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8, saboda kuskure a manhajar cikinsu, sai an sabunta ta zuwa HPD8. Abin tsoron shi ne faifan da aka saka rana ɗaya tare za su mutu kusan lokaci ɗaya, RAID kuwa ba ta da maganin wannan. Wanda ya sayi sabar gwanjo ya gwada lambar samfurin faifansa da sanarwar kamfanin.

Duk da haka, SMART, wato wannan tsari da faifai ke ba da rahoton lafiyarsa, ba boka ba ne. Binciken da injiniyoyin Google suka fitar a 2007 kan faifai sama da 100,000 ya nuna cewa fiye da kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba kafin nan. Sifiri a ko'ina ba ya ɗauke wajibcin kwafin ajiya.

## Katin RAID da batirinsa

`storcli /c0/vall show` zai nuna matsayin haɗakar: `Optl` lafiya, `Dgrd` an rasa faifai. `storcli /c0/eall/sall show all` kuma yana ba da lissafin kowane faifai, inda za ka duba `Media Error Count` da `Predictive Failure Count`. A HPE, `ssacli ctrl all show status` da `ssacli ctrl all show config` ne. In haɗakar ta manhaja ce, `cat /proc/mdstat`: `[UU]` lafiya, `[U_]` ɗaya ya fita.

Akwai wani ɗan wuri da ido kan tsallake. A sakamakon `storcli /c0/vall show`, ƙarƙashin `Cache`, in ka saba ganin `RWBD` yau kuma ka ga `RWTD`, batirin katin ne ya mutu ko ya raunana. Katin kan karɓi rubutu ya ajiye a ƙwaƙwalwarsa ya ce wa manhaja an gama, yana dogaro da batir ya riƙe bayanin in wuta ta ɗauke. Da batirin ya gaza sai katin ya koma jiran faifai a kowane rubutu. Ba abin da ke lalacewa, sai dai rumbun bayanai ya yi nauyi kamar jaki da kaya, mutane su yi ta zargin intanet. Tabbatar da `storcli /c0/bbu show all`, ko `/c0/cv show all` in katin mai kafasito ne. Akwai saitin da ke tilasta wa katin ci gaba da hanyar sauri ba batir. Inda ake ɗauke wuta, wannan ganganci ne.

In za ka canza faifai a RAID 5, wato haɗakar da ke jure rashin faifai ɗaya kawai, duba lafiyar sauran tukuna. Sake gina haɗaka na karanta kowane gurbi na kowane faifan da ya rage. A haɗakar faifai 4 masu 8TB, karatun 24TB ke nan a jere, kuma gurbi ɗaya da ya ƙi karantuwa a wani faifan na iya ɓata aikin. Shi ya sa ake barin sintirin karatu na katin, wanda ake kira `patrol read`, da binciken daidaito suna gudana a kai a kai, don a gano irin waɗannan gurabe tun haɗakar na da cikakken ƙarfin gyara su. Kafin ka zare komai kuma, kunna fitilar faifan da `storcli /c0/e32/s3 start locate`, da lambobin da suka dace da naka. Zare lafiyayyen faifai daga haɗakar da ta riga ta rasa ɗaya shi ne garin neman gira a rasa ido.

## RAM

Fara da ƙirga. `dmidecode -t memory` zai jero kowace sanda da raminta da girmanta da gudunta. In ka saka sanda 12 masu 32GB, jimla ta zama 384GB. BIOS, wato manhajar da ke tayar da na'ura, na iya kashe sandar da ta gaza a lokacin tashi ta ci gaba da sauran, ba wanda ya ga saƙon saboda ba allo a jone. A DDR4, faɗin sanda mai ECC, wato mai gyara kurakurai, bit 72 ne, 64 na bayani, 8 na gyara; in ka ga jimlar faɗin 64 ce, na bayani ma 64, an saka maka RAM ɗin kwamfutar tebur.

Kurakuran RAM iri biyu ne: wanda ECC ya gyara, da wanda ya gagara, wanda yawanci yake kayar da sabar nan take. Na farkon ba baƙon abu ba ne. Wani bincike kan sabobin Google da aka fitar a 2009 ya gano cewa sama da kashi 8 cikin 100 na sanduna na samun irinsa a shekara. Guda ɗaya a wata 6 ba ya buƙatar komai. Ɗaruruwa a rana a kan sanda ɗaya kuwa na buƙatar canji, domin sandar da ke yawan ƙananan kurakurai ita ta fi kusa da yin babba. Babban kuskure ko sau ɗaya ne ya isa a cire sandar.

`ras-mc-ctl --error-count` yana nuna ƙirgar kowace sanda, `ras-mc-ctl --errors` kuma tarihinsu, in `rasdaemon` na gudana. Sai dai a sabobin Dell da HPE sau da yawa BIOS ke tare waɗannan saƙonni ta miƙa wa allon kula, Linux ya ga sifiri. In biyun sun saɓa, rajistar allon kula ce abin bi.

Da rajista ta ambaci rami, a ce A3, kada ka yi saurin sayen sanda. Kashe sabar, zare wayoyin wuta duka biyu, ɗaura abin hannun nan mai sauke tartsatsin jiki. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa ƙayau, wannan tartsatsin ya fi yawa, kuma wanda bai kai ka ji shi ba ma ya isa ya lalata sanda. Musanya sandar A3 da wata mai irin girmanta, kamar ta B3, ka rubuta abin da ka yi. In kuskuren ya koma B3, sandar ce. In ya tsaya a A3, to ramin ne, ko ƙura a cikinsa, ko furosesa, domin mai sarrafa RAM a cikin furosesa yake. Lanƙwasasshen fil guda a soket ɗinta, ko abin sanyaya da aka ɗaure gefe ɗaya fiye da ɗaya, na iya kashe layin RAM sukutum.

Cikakken gwaji sai an kashe sabar an tashe ta daga filasha mai MemTest86 ko Memtest86+. Bar shi ya yi zagaye 4. A RAM mai yawa hakan na iya wuce kwana guda. Ka tuna ECC na gyara kurakuran a ƙarƙashin gwajin, don haka allo na iya nuna sifiri alhali an yi ta gyara. Da an gama, koma rajistar allon kula ka ga abin da aka rubuta cikin waɗannan awanni.

## Zafi da wuta

Ma'aunin da ya fi muhimmanci shi ne na iskar da ke shiga ta gaba, `Inlet Temp`. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar digiri 18 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas, yawancin sabobi kuma iyakar aikinsu na yau da kullum 35 ne. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin Afrilu ke wuce 40 a waje, ɗakin saba da na'urar sanyayarsa ta tsaya yakan haye wannan iyaka cikin ɗan lokaci. Nemi layukan zafi a rajista ka gwada lokutansu da lokutan ɗauke wuta. Sau da yawa sabar na kan UPS, na'urar sanyaya kuwa ba ta kai.

A furosesar Intel, fayil ɗin `core_throttle_count` da ke ƙarƙashin `/sys/devices/system/cpu/cpu0/thermal_throttle/` yana ƙirga sau nawa ta rage gudu saboda zafi. In furosesa biyu na gefe da gefe suna aiki iri ɗaya amma ɗaya ta fi ɗayar zafi da digiri 15, duba ƙura a haƙoran abin sanyayarta ko man da ke tsakaninsu ya bushe. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar gari, tana shiga ko'ina. A fitar da sabar waje a kashe, a busa da iska daga ciki zuwa waje, a riƙe fankoki da yatsa kada iskar ta juya su fiye da ƙima. Tsohon mai a goge shi da barasar isopropyl kafin a sa sabo, a kuma mayar da murfin robar nan mai jagorantar iska daidai yadda yake.

Don akwatunan wuta, `ipmitool sdr type "Power Supply"`. A Dell, kada ka firgita in ɗaya na ɗauke da kaya duka ɗayan kusan sifiri. Akwai saitin da ke sa ɗaya barci don tsimin wuta. Hanyar tabbatar da cewa na biyun zai tashi ita ce gwaji: a lokacin da aka ware, bayan duka biyun sun nuna lafiya, zare wayar ɗaya, jira minti guda, mayar, jira kore, sannan ka yi wa ɗayan. UPS ma a gwada ta da kaya a kanta. Batirinta mai dalma yakan yi shekara 3 zuwa 5 a digiri 25, kuma ƙarin kusan digiri 10 na rabe wannan rayuwa biyu.

## Kebul da katuna

Wannan ba ya cin lokaci. `ethtool` da sunan katin zai nuna gudu. In layin gigabit ya sauka zuwa 100, yawanci zare ne ya karye a kebul, domin gigabit na buƙatar tagwayen zare 4 duka, 100 kuwa 2 sun ishe shi. `ethtool -S` na nuna `rx_crc_errors`, wanda hawansa ke nufin kebul ko bakinsa. `iperf3` tsakanin na'urori biyu ya ba da kusan megabit 940 a lafiyayyen layin gigabit. A `lspci -vv` gwada `LnkCap` da `LnkSta`: katin da zai iya x8 amma yake aiki a x2 mai yiwuwa bai zauna daidai a raminsa ba.

## Gwajin kamfani da gwajin nauyi

In karatu bai gano komai ba amma sabar na ci gaba da faɗuwa, ko kuwa sabuwa ce ko ta gwanjo da ba a ɗora mata aiki ba tukuna, sai a matsa mata. A Dell danna F10 lokacin tashi, shiga Lifecycle Controller, zaɓi Hardware Diagnostics. A HPE F9 ne, sannan Embedded Applications, sai Embedded Diagnostics. Gwajin Dell in ya gaza yana ba da lamba irin 2000-0142, wadda ta faifai ce, tare da wata lambar tabbatarwa. Ɗauki hoton allon, domin masu garanti za su nemi duka biyun.

Wucewa wannan gwaji ba ya wanke saba, domin wasu cututtukan sai jiki ya yi zafi suke fitowa. `stress-ng --cpu 0 --verify --timeout 2h` yana ɗora wa dukkan ƙwayoyin furosesa kaya yana kuma duba ko lissafinsu daidai ne. `stressapptest -W -s 3600` yana yi wa RAM haka na awa guda. Buɗe taga ta biyu kana kallon zafi da `journalctl -kf`. In sabar ta mutu cikin daƙiƙu da ɗora nauyi, zargi akwatin wuta. In sai bayan minti 20 ko 30, zargi zafi. In ba ta mutu ba amma lissafi ya fito ba daidai ba, RAM ce ko furosesa. A kan sabar da mutane ke aiki a kai, kada a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Faifan da babu komai a kansa ana iya yi masa `badblocks -b 4096 -wsv`, wanda ke rubuta zane 4 a ko'ina yana karantawa. Harafin `w` ɗin nan yana shafe komai ba tambaya, don haka karanta sunan faifan sau biyu, ka gwada lambar jikinsa da `lsblk -o NAME,SIZE,SERIAL`. A manyan faifai aikin na cin kwanaki. Ɗauki SMART kafin da bayan. In 5 ko 197 ta motsa ko da ɗaya, mayar wa mai shago kayansa.

In akwai garanti, tattaro rahoton da kamfanin ke nema kafin ka kira: na SupportAssist daga iDRAC, ko rajistar AHS daga iLO. Wurin gyara kuma canza abu ɗaya a lokaci guda, ka maimaita gwajin da ya gaza, in ba haka ba ba za ka san wanne ne mai laifin ba. Bayan an gama, ajiye rajistar allon kula a fayil da `ipmitool sel elist > sel-tsohuwa.txt`, sannan ka share ta da `ipmitool sel clear`, don duk layin da ya bayyana daga yau ya zama sabon labari. Kunna `smartd` ya riƙa yin gajeren gwaji kowane mako da dogo kowane wata, ka saka adireshin imel a iDRAC ko iLO, ka danna maɓallin saƙon gwaji, ka tsaya har sai ka ga ya shigo wayar wanda ke bakin aiki.